Burtsatse Mai Sola a Ƙaramin Gari: Yadda Ake Tsara Shi da Yadda Ake Kare Ruwansa

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, burtsatsen da ke aiki da janareta ya zama kaya a kan ƙananan garuruwa, kuma kusan duk kwamitin da ya zauna kan maganar ruwa sola yake ambata. Shawarar daidai ce. Sai dai duk mai yawo a ƙauyukan Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram ya sha ganin tanki a sama babu ko ɗigo, farantan sola shida ko takwas sun yi buɗu-buɗu da ƙura, yara kuma sun koma kududdufi. Da wuya laifin ya zama na farantin. Yawanci an faro aikin ne ta wutsiya: an sayo faranti da sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama, tun ba a san ruwa nawa gari ke sha ba, balle ruwa nawa ƙasa za ta iya bayarwa. Sola ba ta ƙara wa rijiya ruwa. Rijiya ce ke yanke girman sumo, sumo ya yanke yawan faranti, kuma haka za mu bi aikin a nan.

Ƙidaya tukuna

Masu unguwanni su bi gida-gida su kawo yawan mutane. Kada a dogara da lissafin ƙuri'a ko na rabon taki, kowa ya san yadda suke. Ma'aunin da manufar ruwa ta Najeriya ta ajiye wa karkara shi ne lita 30 ga mutum ɗaya a rana, wato jarka ɗaya da ɗan ɗori. Mu ɗauki gari mai mutum 2,000. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, nan da shekara goma sun kusa 2,700, wato lita 81,000 a rana. A ƙara lita 2,000 na makaranta mai ɗalibai 400, da wasu 2,000 na ɗakin shan magani, sannan a ɗora kashi 10 cikin ɗari na yoyo da zubewa a bakin famfo. An kusa lita 94,000 ke nan, ko kubik 94, tunda kubik ɗaya lita dubu ne. Buƙatar yau kuwa wajen kubik 70 ce.

Dabbobi ne ake mantawa, kuma su ne ke rusa lissafi. Saniya na shan lita 25 zuwa 40 a bazara, tunkiya ko akuya wajen lita 5. Shanu 500 kaɗai za su kwashe lita 15,000. Idan gari na kan burtali, a zauna da arɗo tun farko a yanke: ko a sa dabbobi cikin lissafi a gina musu komi nesa da rijiya, ko a bar su a mashayarsu ta dā. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a tsara ruwa don mutane kawai, sannan a yi tsammanin makiyayi zai wuce tanki cike a watan Afrilu.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ce a ciki. Yawancin Kano, Kaduna, kudancin Katsina, Bauci da wani sashe na Zamfara suna kan tsohon dutse ne. A nan ruwa na zama a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi, rijiya kan tsaya tsakanin mita 30 zuwa 60, kuma wadda ta ba da lita ɗaya a daƙiƙa an gode Allah. Rijiyoyi biyu masu tazarar mita hamsin, ɗaya na iya cika ɗaya ta fito busasshiya. Borno, Yobe da gabashin Jigawa kuwa suna kan kwarin Cadi, Sakkwato da Kebbi a kan kwarin da ya miƙe har cikin Nijar. Can yashi ne da laka hawa-hawa, ruwa ya fi yawa, amma mai kyaun na iya yin nisa, a wasu wuraren sai an wuce mita ɗari biyu.

Ga abin da wannan ke nufi. Sumo mai sola yana aiki sosai ne daga wajen ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma, abin da bai wuce awa shida na cikakken ƙarfi ba. Rijiya mai lita ɗaya a daƙiƙa tana ba da lita 3,600 a awa, kusan 21,600 a yini. Garinmu mai buƙatar kubik 94 sai ya haƙa irinta huɗu ko biyar. Babban sumo ba ya magance wannan, sai ma ya ƙone.

Kafin motar haƙa ta shigo, masanin ruwan ƙasa mai rajista ya yi awon ƙasa da na'urar lantarki, ya nuna wuri biyu ko uku, ya ba da rahoto a rubuce. A tambayi RUWASSA, hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, bayanan rijiyoyin da aka taɓa haƙawa a kewayen: zurfi, yawan ruwa, waɗanda suka mutu da dalili. Masanin ya zama na gari ne, ba yaron ɗan kwangila ba, kuma ya tsaya a wurin har a gama. A rubuta waɗannan cikin yarjejeniya:

Bututun bango na roba mai kauri, inci 5 ko 6, domin sumo mai inci 4 ya shiga ya fita ba takura. Bututun tacewa wanda kamfani ya tsaga, mai tsaga rabin milimita zuwa ɗaya, ba wanda aka yanka da zarto a bakin rami ba, kuma a saita shi daidai inda ruwa ya ɓullo. Tsakuwar kogi wankakkiya mai girman milimita 2 zuwa 4 a kewayen matacin. Marmara da fasasshen dutse suna toshe shi. Mita 5 zuwa 6 na sama a cike su da kunun siminti tsakanin bututu da bangon rami. Wannan simintin shi ne abin da 'yan kwangila suka fi tsallakewa, saboda da an zuba kankare a sama ba mai ganinsa, kuma ta nan ne ruwan sama ke gangarawa da ƙazanta har cikin rijiya. A ƙarshe a wanke rijiyar da iskar kwamfuresa har ruwa ya fito garau, ko da zai ɗauki yini guda.

Gwajin rijiya

Idan kuɗi ya gaza, a rage tsawon katanga ko yawan famfuna, amma kada a taɓa wannan mataki. Ruwan da ya yi tsiri sama lokacin da kwamfuresa ke busawa ba gwaji ba ne, ko da jama'a sun yi ta kabbara.

A auna inda ruwa yake kwance kafin a kunna komai. A zura sumon gwaji, a yi hawa huɗu, kowanne awa ɗaya, ana ƙara yawan ruwa a kowane hawa ana rubuta saukarsa. Bayan rijiya ta huta ta dawo, a zaɓi adadi ɗaya a ja shi ba tsayawa na awa 24. In rijiyar ce za ta ɗauki gari gaba ɗaya, awa 48 zuwa 72 ya fi. A kashe, a ci gaba da awo har ruwa ya dawo da kashi 90 cikin ɗari na abin da ya sauka. Rijiyar da ta kwana ba ta dawo ba tana shan ɗan ruwan da ya taru a tsaga ne, za ta ba da kunya. Yawan ruwa ana auna shi da duro mai lita 200 da agogo. In ya cika cikin daƙiƙa 72, ana samun lita 10,000 a awa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, Maris zuwa Mayu. Gwajin watan Satumba yana yaudara, domin ruwan ƙasa na iya sauka mita da yawa kafin bazara. Abin da gwaji ya nuna kuma ba shi za a ja ba: a tsaya a kashi 70 cikin ɗari. Rijiyar da ta riƙe lita 10,000 a awa, a tsara mata 7,000.

Kafin a kashe sumon gwaji, a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, bai yarda da ƙwayar cutar bahaya ko ɗaya ba cikin mililita 100. Fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, naitiret 50, ƙarfe 0.3, dalma 0.01. Fuloraid ba shi da ɗanɗano ba shi da launi. A Tibiri ta jihar Maraɗi ruwan burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane, kuma a yankin Kaltungo na Gombe an san shi da ɓata haƙora. Tafasawa ba ta cire shi, kulorin ma haka. Rijiyar da ta faɗi a wannan gwajin, a bar ta wa wanki da bulo, a nemi wata.

Lissafin sumo da faranti

Abu biyu ake buƙata: yawan ruwa a yini, da tsayin da za a ɗaga shi. Rijiyarmu lita 7,000 a awa sau awa shida, kubik 42. Irinta biyu za su ɗauki garin a yau, ta uku ta biyo baya. Idan za a haƙa ta biyu, a riƙa auna ruwan ta farko yayin gwajinta; in yana sauka, tukunya ɗaya suke sha, a matsa nesa.

Tsayi ba zurfin rijiya ba ne, ba kuma inda sumo ke rataye ba. Ana farawa ne daga inda ruwa ke tsayawa ana cikin ja, a ce mita 35. A ƙara tsayin hasumiya da tanki, mita 12. A ƙara gogayyar ruwa cikin bututu, mita 5. Jimla 52. Gogayyar nan tana da ban mamaki: lita 7,000 a awa cikin bututu mai inci 2 tana cin wajen mita 2 a kowace mita ɗari, amma cikin mai inci ɗaya da kwata tana cin kusan mita 20. Arhar siririn bututu da faranti ake biyanta.

Don sanin wutar da ake buƙata, a ninka kubik da mita a raba da 367. Wato 42 sau 52, a raba da 367, ya ba da kusan awar kilowat 6 a yini. Sumo da injinsa ba sa mayar da fiye da rabin wutar da suka sha ta zama ruwa, don haka ana buƙatar 12. A arewa za a iya lissafa awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, amma faranti ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa. An gwada shi ne a zafin digiri 25, alhali a bazara gilashinsa na kai 60, abin da ke cin fiye da kashi goma cikin ɗari. Ga ƙura, ga asarar waya da inbata. A lissafa kashi 70 cikin ɗari kawai. To 12 a raba da 5.5 sau 0.7, ya ba da kilowat 3.1. Faranti shida ke nan masu wat 550, da sumo mai kilowat 2.2. A duba takardar kamfanin sumon a tabbata yana ba da lita 7,000 a tsayin mita 52, domin ƙarfin doki da ake faɗa a kasuwa ba ya gaya maka wannan.

Akwai tarko a nan da ke kama har masu aikin lantarki. Wat ya isa ba ya nufin bolt ya isa. Faranti mai wat 550 yana aiki a wajen bolt 41, in ba a ɗora masa kaya ba ya kusa 50. Shida a haɗin sarƙa bolt 250 ne. Inbatar da ke juya sumo mai bolt 220 tana son wajen 310, wato faranti takwas. Ta sumo mai layi uku na bolt 380 tana son sama da 500, faranti goma sha uku ko sha huɗu. In bolt ya gaza, sumo ba zai tashi ba sai rana ta take, ya kuma mutu tun kafin la'asar. In ya yi yawa, da sanyin safiyar hunturu bolt na hawa sama da na takarda ya ƙone inbata. A ninka bolt ɗin da ba kaya da yawan faranti, a ƙara kashi 5 cikin ɗari, a tabbata bai kai iyakar inbatar ba. Ƙananan rijiyoyi sun fi sauƙi da sumon da ke shan wutar sola kai tsaye, irin Grundfos SQFlex ko Lorentz. Suna da tsada, ana kuma yin jabunsu, a sayi mai lambar da dillalin kamfani zai tabbatar. Manyan rijiyoyi kuwa sumo na yau da kullum da inbata ya fi, domin ana samun madadinsa a kasuwar Sabon Gari ko ta Maraɗi.

Batir ba shi da wuri a wannan aiki. Tanki shi ne batir. A yi ma'ajiyar da za ta ɗauki ruwan yini guda, ko ɗaya da rabi saboda hadarin Agusta. A tuna lita 20,000 tan 20 ne a sama. Injiniya ya zana hasumiyar da harsashinta, ba mai walda kaɗai ba. In akwai tudu a gefen gari, tanki a kan tudun ya fi arha da aminci.

Wajen haɗawa

Faranti su kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15. Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Maraɗi da Damagaram wajen 13 zuwa 14, don haka wannan ya wadatar. In aka kwantar da su shimfiɗe ƙura da kashin tsuntsu za su zauna. Inuwar reshen darbejiya a kan faranti ɗaya tana rage ƙarfin sarƙar gaba ɗaya, a duba wurin da safe da yamma kafin a kafa ƙarfe. Inbata ta zauna a inuwa mai iska, cikin akwati mai raga da ƙadangare da zanzaro ba za su shiga ba.

Sumo ya rataya sama da bututun tacewa, domin ruwan da ke haurowa ta gefen injin shi ke sanyaya shi. In dole ya sauka ƙasa da matacin, a sa masa riga ta bututun roba. Ya kasance aƙalla mita 3 ƙarƙashin mafi nisan inda ruwa ya sauka a gwaji, kuma kada ya kusanci gindin rijiya inda yashi ke taruwa. A ɗaure shi da igiyar roba mai ƙarfi ban da bututu. Bututun hawa na roba ya fi na ƙarfe, musamman a ƙasar dutse inda ruwa kan yi ɗan tsami ya ci ƙarfe, ruwa ya koma ja. Mahaɗar waya da ke cikin ruwa a rufe ta da ƙaron haɗi na musamman. Salatif ba ya shekara.

Ƙananan abubuwa huɗu ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai mutu: na'urar da ke kashe sumo in ruwa ya ƙare a rijiya, maɓalli mai yawo a tanki da ke kashe shi in ya cika, sandar tagulla a ƙasa mai damshi tare da makarin tsawa, da mitar ruwa a bakin rijiya. A ƙara siririn bututu mai inci ɗaya a gefen bututun hawa, wanda za a riƙa zura igiyar awo ta cikinsa.

Ɓarayi kuma a lissafa da su tun a zane: kusoshi masu karyewar kai, firam ɗin da aka yi wa walda, murfin ƙarfe mai kwaɗo a bakin rijiya, sunan gari da fenti a bayan kowane faranti, da mai gadi mai albashi.

Kare rijiyar

Bakin bututu ya ɗago aƙalla rabin mita sama da ƙasa, ko sama da inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Tsofaffin gari sun san wurin, a garuruwan bakin Kogin Haɗeja kuma alamar ruwan 2022 na nan a jikin bango. A zuba daɓen kankare mai faɗin mita biyu ta kowane ɓangare, mai gangara zuwa waje. Famfunan ɗiba su yi nesa da rijiyar, kowanne da lambatu da ramin tsotse ruwa cike da duwatsu.

Masai mafi kusa ya yi nisan mita 30 aƙalla, kuma a gangaren rijiya, ba a samanta ba. A ƙasar dutse mai tsagogi a ƙara zuwa 50 ko fiye, domin tsaga ba ta tace komai. Haka juji, turken dabbobi, mayanka da maƙabarta. Marina, majema, gidan mai da wurin wankin ma'adinai sai a ninka nisan sau da yawa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali: niƙan dutsen zinare a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya watsa gubar dalma a ƙasa da kududdufai, yara sama da 400 suka rasu. Tsofaffin rijiyoyin hannu da aka daina amfani da su aka mai da su bola, ƙofa ce kai tsaye zuwa ruwan da ake sha. A cike su da laka a rufe da kankare.

Matsalar tazarar mita 30 ita ce gari na tafiya. Filin da yake fayau a yau, nan da shekara biyar an yanka shi fuloti. Dagaci da hakimi su sa hannu a takardar da ta keɓe filin rijiyar, a kai kwafi ƙaramar hukuma, a kafa turaku, a katange aƙalla mita goma ta kowane gefe. Gonar da ke manne da katangar a daina zuba mata takin zamani da maganin feshi.

Kafin a buɗe wa jama'a, da duk lokacin da aka ciro sumo ko ambaliya ta taɓa wurin, a wanke rijiyar da kulorin mai ƙarfi, miligiram 50 a lita. Bututu mai inci 5 na ɗauke da wajen lita 12 a kowace mita, don haka ruwa mai tsayin mita 40 lita 480 ne, yana buƙatar wajen giram 40 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70. A narkar a bokitin roba, a zuba, a bari ya kwana, a ja har wari ya tafi.

Na yau da kullum daban ne. Giram 15 na garin a lita ɗaya na ruwa yana ba da ruwan magani mai kashi ɗaya cikin ɗari. A bari ya kwanta a tsiyaye. Lita biyu nasa a tanki mai lita 20,000 ya zama miligiram ɗaya a lita. Bayan minti 30 a gwada a famfo mafi nisa da ɗan akwatin gwaji mai ƙwaya: ana son 0.2 zuwa 0.5, lokacin annoba 0.5 zuwa 1. In ya zarce, mutane za su ce ruwan na warin asibiti su koma rafi, an yi ba a yi ba. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu ɗari a Najeriya, ya kashe sama da dubu uku, akasari a arewa, kuma sau da yawa ruwa na fitowa da tsabta ne ya gurɓace a jarka ko randa. Ragowar kulorin nan ita ke bin ruwan har gida. Jarkokin 'yan garuwa a riƙa wanke su da ruwan maganin duk mako, tanki kuma duk wata shida.

Wutar asibiti da sauran gari

Da an ga faranti, za a zo da roƙon a ja waya zuwa masallaci, ɗakin shan magani ko shagon caji. A ƙi, cikin ladabi. Inbatar sumo ba ta ba da wutar gida, kuma duk abin da aka rataya mata daga ruwa ake cire shi. Ɗakin shan magani a yi masa nasa: ƙwai goma masu wat 10 na awa goma, fanka uku masu wat 60 na awa takwas, da ƙananan na'urori, wajen awar kilowat 3 ne a yini. Faranti biyu masu wat 550 da batirin litiyam mai awar kilowat 5 sun ɗauke shi har da ajiyar ranar hadari. In batirin ruwa za a saya mai bolt 12 da amfiya 200, rabinsa kawai ake sha, sai an haɗa huɗu, kuma zafin ɗaki na rage masa kwana ƙwarai. Firjin rigakafi a nemi irin wanda ke haɗe da farantinsa kai tsaye, yana daskarar da ruwa da rana ya riƙe sanyi da dare.

Injin niƙa, walda da wutar gidaje kuwa maganar ƙaramar tashar gari ce, aikin kamfani mai mita da ma'aikata. A dokar 2023 ta NERC, hukumar kula da lantarki ta Najeriya, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat ɗaya sai da izini. Tun bayan dokar lantarki ta 2023 wasu jihohi sun karɓi wannan iko, a bincika a gida. Hukumomin lantarkin karkara, REA a Najeriya da ANPER a Nijar, su ne ƙofar neman tallafi.

Kuɗi, da littafin mai kula

Rana kyauta ce, sumo ba kyauta ba ne. Faranti na iya shekara ashirin, sumo da inbata a lissafa musu biyar zuwa bakwai, kan famfo wata shida. A raba kuɗin kowanne da shekarunsa, a ƙara albashin mai kula da mai gadi, kuɗin kulorin da gwajin ruwa sau biyu a shekara, sannan a raba da jarkokin da za a sayar. Kubik 42 bayan an cire yoyo wajen jarka 1,500 ne masu lita 25, amma a damina ciniki na iya faɗuwa rabi, a yi lissafi da haka. A sake duba farashi duk shekara tunda kayan daga waje suke zuwa. Kuɗi ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, mata su kasance cikin kwamiti da ikon magana, a kuma riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. A Nijar an saba miƙa irin wannan famfo ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya da ƙaramar hukuma, kuma gari mai rijiya biyu ko uku ya kamata ya duba wannan hanya. Kowane kan famfo ɗaya a lissafa masa mutum 250, kada kuma gida ya wuce mita 500 daga famfo.

Mai kula ya wanke faranti da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, sau biyu a mako a hunturu, ba omo, ba kuma ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi. Kullum ya rubuta lambar mitar ruwa. Duk mako ya zura igiyar awo da asuba kafin sumo ya tashi, da kuma azahar ana cikin ja.

Da waɗannan lambobi ake gane ciwo tun bai kwantar ba. Ruwa ya ragu a mita amma zurfi bai canza ba: ƙura ce, ko inuwa, ko waya ta saki, ko fankokin sumo sun cinye. Awon azahar na ƙara nisa alhali na asuba na nan inda yake: mataci ne ke toshewa, rijiya na son wanki da kwamfuresa. Na asuban kansa na sauka shekara bayan shekara: ana ja fiye da abin da damina ke mayarwa, a rage gudun sumo daga inbata, a kuma duba ko masu noman rani sun kafa nasu sumon a kusa. Sumo na tashi yana mutuwa da tsakar rana: ruwa ne ke ƙarewa, na'urar kariya na aikinta, kada a bari wani mai gyara ya cire ta don a huta da ƙorafi. Yashi a gindin bokiti kuwa, in ya wuce ɗan abin da za a tsinta da yatsa biyu, a kashe sumo a ranar, a ɗaga shi mita biyu ko uku, a rage gudu. In bai daina ba bututun tacewa ya fashe, sai an kira masu haƙa.